ThreadPoolExecutor na Python: tashi lafiya lau, tsayawa sai da taimako

Wata takwas ke nan ina amfani da ThreadPoolExecutor, kayan aikin Python da ke raba ayyuka ga zaruruwa (threads, wato sassan manhaja da ke gudana tare), a wata 'yar manhaja da na rubuta wa wani shagon magani. Zare huɗu ke aiki lokaci guda, wasu na buga rasit, wasu na tura bayanan ciniki zuwa saba, wato kwamfutar da ke adana bayanan. Idan aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar minti uku kacal yake riƙewa, shi ya sa yadda manhajar za ta rufe ya fi damuna a kan saurinta.

Da can zaruruwan daemon nake kunnawa, wato waɗanda manhaja ba ta jiransu idan za ta rufe. Babban zare na fita, sai a datse su a tsakiyar aiki. Ranar da cinikin yini guda ya shiga saba rabi da rabi, mai shago ya kira ni ransa a ɓace, kuma da gaskiyarsa.

Wajen farawa ba ni da ƙorafi a kan ThreadPoolExecutor. Ka faɗi yawan zaren da kake so, ka miƙa aiki da submit, shi ke nan. Abin da ya saye ni shi ne zaɓin cancel_futures da aka ƙara wa shutdown, umarnin rufewa, a Python 3.9: duk aikin da ke kan layi bai fara ba a soke shi, wanda ya riga ya fara a jira shi ya kammala.

Sai dai fa ba ya tsayar da zaren da ke tsakiyar aiki. Idan intanet ta maƙale, shutdown zai zauna jira, batiri na ƙarewa. Dole na haɗa da threading.Event, wata tuta da ake ɗagawa don sanar da zaruruwa, kowane zare ya riƙa duba ta, sannan na ɗaure duk kiran intanet da iyakar daƙiƙa goma. Saƙon SIGTERM kuma, wanda ake aika wa manhaja don ta rufe, babban zare kaɗai ke karɓarsa a Python, don haka a can nake ɗaga tutar tsayawa.

Wani abin da ya ba ni haushi: idan aiki ya faɗi da kuskure, shiru kake ji har sai ka kira result, umarnin karɓar sakamakon aikin. Kwana biyu na ɓata kafin na gano haka.

Duk da haka ina ba da shawararsa ga mai ƙaramin aiki irin nawa. Yanzu manhajar kan rufe cikin daƙiƙa goma sha biyu, abin da bai tafi ba yana ajiye a rumbun bayanai na SQLite har wuta ta dawo.