Baƙin hoto a Instagram ko zuwa caji ofis

Bature ɗan Amurka da ke son mara wa baƙaƙen fata baya, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko mai sauƙi ce. Ranar 2 ga Yuni 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, miliyoyin mutane sun ɗora baƙin hoto a Instagram. Niyyar mai kyau ce, sai dai hotunan sun binne bayanan da masu zanga-zanga ke aika wa juna.

Ta biyu kuwa akwai tsada. A 1955, da aka kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi wa bature daga kujerar bas, a birnin Montgomery na jihar Alabama, E.D. Nixon, wani jagoran baƙaƙen fata a garin, ya kira caji ofis, aka ƙi gaya masa laifinta. Lauya farar fata, Clifford Durr, da ya kira, nan take aka faɗa masa. Gatan farar fata ke nan. Durr da matarsa Virginia suka raka Nixon, Nixon ɗin ne ya tsaya wa Parks beli, ba su yi masa shisshigi ba. Goyon bayan baƙaƙe ya sa turawan garin suka juya musu baya, aikin lauya na Durr ya ja baya.

Ni dai ina tare da su Durr.