Hoton shamuwa a bakin tafkin Madarunfa: ya cancanci kuɗinsa?

Hoton nan da ake sayarwa a wani shagon masu zane kusa da babbar kasuwar Maradi, tsawonsa santimita 80 ne, faɗinsa 60, an yi shi da fentin ruwa mai kauri a kan ƙyalle. Shamuwa uku ne da balbela biyu a bakin tafki.

Mai zanen ya san tsuntsu. Bayan shamuwar baƙi, cikinta fari, ga shuɗi-shuɗin nan a fuska. Abin da ya fi burgewa shi ne gawon da ke bayansu, wanda ya bari ba ganye. Haka ya kamata, domin shamuwa baƙuwar damina ce, gawo kuwa da damina yake kaɗe ganyensa. Masu zane da yawa nan suke tuntuɓe.

Sai dai ƙafafun balbelar sun yi kauri, kamar na agwagwa. Kuma ba a shafa masa man kariya ba, ƙurar hunturu za ta dusashe shi. Wanda ya saya ya sa a rufe shi da gilashi, ya rataye shi nesa da taga, ya riƙa duba katakon saboda gara.