Prednisone ta safe da ta dare ga mai tashi da sandararrun gaɓɓai

Malam, ka tambaya game da mahaifiyarku, wadda amosanin gaɓɓai ke sa ta tashi da asuba yatsunta a sandare har ba ta iya riƙe buta, sai an zuba mata ruwan alwala, musamman yanzu da hunturu ya sauka a Damagaram. Ka ce tana shan prednisone, maganin rage kumburi, da safe, kuma ƙaninka da ke Faransa ya ba ku labarin wata ƙwaya da ake sha da dare, kana son sanin bambancinsu. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Maganin da ke cikin ƙwayoyin biyu ɗaya ne, bambancinsu yana ga lokacin da yake shiga jini. A irin amosanin da garkuwar jiki ke far wa gaɓɓai, sinadaran kumburi, musamman wanda ake kira IL-6, suna hauhawa ne cikin dare har su kai ƙololuwa da asuba, daidai lokacin da kotisol ɗin da jiki ke samarwa don kwantar da su bai gama tasowa ba. Ƙwayar da aka saba, idan an sha ta da ƙarfe 7 ko 8, tana kama aiki cikin awa ɗaya zuwa biyu, amma a lokacin kumburin ya riga ya yi ɓarnarsa.

Ta daren, wadda ake kira Lodotra a Turai, Rayos kuma a Amurka inda aka amince da ita a 2012, ana haɗiye ta wajen ƙarfe 10 na dare. Tana da kauri a waje kamar ɓawo, sai bayan kimanin awa 4 ɓawon ya fashe, maganin ya fito wajen ƙarfe 2, kafin kumburin ya tashi. A binciken CAPRA-1 da aka buga a mujallar Lancet a 2008, an gwada su biyun a kan marasa lafiya 288 tsawon mako 12: tsawon lokacin sandarewar safe ya ragu da kusan kashi 23 cikin 100 ga masu shan ta dare, masu shan ta safe kuwa kusan bai motsa ba. A ganina wannan sauƙi ne na gaske ga mai neman yin alwala da hannunta, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Tana kuma da sharuɗɗan da ta safe ba ta da su. Ba a raba ta, ba a tauna ta, ba a daka ta a dama cikin koko kamar yadda muke yi wa tsofaffinmu, domin da zarar ɓawon ya fashe ta koma ƙwayar da aka saba. Ana shan ta da abincin dare ko bayansa, don ba ta shiga jini sosai a cikin da babu komai. Ga ta da tsada nesa ba kusa ba.

Wajen illa babu wadda ta tsira. Dukansu suna iya hawar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi idan an daɗe ana sha, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Babu wadda ke maye gurbin magani irin methotrexate, wanda shi ne ginshiƙin jinyar wannan ciwo.

Kada ku mayar da ƙwayar safen zuwa dare da kanku, domin za ta saki maganin tun kafin tsakar dare, tana kuma iya hana barci. Idan za ku koma asibiti, ku rubuta wa likita minti nawa yatsun Hajiya ke ɗauka kafin su saki, kwana bakwai a jere. Sandarewar da ba ta wuce rabin awa ta fi kama da zaizayewar gaɓɓai ta tsufa, wadda jinyarta daban ce.