Quantum ESPRESSO da lissafin mannewar azurfa a fuskar silikon

Wata huɗu na yi a Katsina ina amfani da manhajar Quantum ESPRESSO domin auna ƙarfin riƙon da ƙwayar zarrar azurfa take yi wa fuskar silikon, kuma a ganina ta cancanci wahalar koyonta. Kyauta ake sauke ta, tushenta kuwa birnin Tiriyeste na Italiya ne, abin da ya sauƙaƙa wa ɗalibin da ba shi da kuɗin lasisi.

Sau uku ake lissafin makamashi: silikon shi kaɗai, zarrar azurfa ita kaɗai, sannan su biyun a haɗe. Idan aka ɗebe jimillar na farko biyun daga na uku, sakamakon ya faɗi ƙasa da sifili, to mannewar ta rage makamashi, zarrar za ta zauna. Na gwada gurabe daban-daban a fuskar silikon da ake kira 100 (lambar tana nuna yadda aka yanka shi ne), inda zarrun silikon ke haɗuwa bibbiyu a jere, manhajar ta bambance gurbin da riƙon ya fi ƙarfi. Fuskar 111 mai jerin zarru da ake kira 7×7, wadda masana kimiyyar fiziya Binnig da Rohrer suka nuna hotonta a 1983, ta fi ƙarfin kwamfutata, domin tana buƙatar ɗaruruwan zarru, kuma da rana zafin ɗakina kan sa fankarta ta yi ta kuka har in ɗora ta kan bulo biyu ta sha iska.

Abin da sabon shiga ya kamata ya riƙe shi ne, adadin da ya fito na sifilin ma'aunin zafi na Kelvin ne, wato iyakar sanyi, alhali a ɗakin gwaji ana zuba ƙarfe ne a kan silikon mai zafi. Zarrar da ke yawo a tururi tana da 'yancin motsi, wato entirofi, wanda take rasa mafi yawansa idan ta manne, shi ya sa ƙaruwar zafi ke tayar da ita duk da ƙarfin riƙon. Don sanya tasirin zafi cikin lissafin, dole ne mai bincike ya lissafa girgizar zarrun da sashen manhajar mai suna ph.x, ya haɗa da matsin tururin da kansa.

Manhajar tana fitar da makamashin ne da ma'aunin Rydberg, kowane ɗaya daidai da 13.6 a ma'aunin eV, wato electronvolt. Na taɓa mantawa da juya shi zuwa eV, na kai wa malamina adadin, ya dube ni ya ce, “Malam, wannan azurfar taka ko iska ta hura sai ta tashi.”