Laftof da SSD, saba da faifai mai juyi

Malam, ka ce buronku a Zango mutum shida ne, za ku sayi laftof uku da kwamfuta guda mai riƙe takardun kowa, wato saba, kana tambayar wane diski ya fi, kuma Windows ko Linux a sabar.

Laftof tukuna. Diskin da muka saba da shi faifai ne ke juyawa a ciki, galibi sau 5400 a minti, allura na shawagi a kansa da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Ka jefa shi a jaka yana kunne, ka hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, duk ramin da kuka faɗa allurar nan ta ji shi. Sabon nau'in diski da ake kira SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa, dangin kile ne da ƙwaƙwalwar wayarka. Faifai yana karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD mai tsohon mahaɗi na SATA wajen 500, mai sabon mahaɗi na NVMe ya kan haura 3000. Tsohon laftof ɗina da in na kunna sai na zuba shayi na dawo bai gama farkawa ba, tun da na canja masa diski na sa SSD, kafin in gyara zama ya buɗe.

Aibin SSD biyu. Giga ɗinsa ya fi tsada. Kuma faifai in zai mutu ya kan yi ta ƙas-ƙas yana maka gargaɗi, SSD sau da yawa sai dai ka wayi gari babu shi, ceto abin da ke ciki kuma aiki ne ja. Duk da haka ni a laftof ba na shawara biyu: SSD, ko da na giga 256 ne. In na hannu za ka saya, a buɗe maka gindinsa ka ga ramin diskinsa, na siririn SSD ne mai suna M.2 ko na inci 2.5.

Saba ce mai gardama. Windows Server sai da lasin, sannan kowane mutum ko kowace na'ura da za ta shiga sai an biya mata nata. Windows na gida ma yana raba jaka har ga na'ura 20, ku shida ya ishe ku, sai dai Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da dama kuma ba sa ɗaukar 11. Linux kuwa, irin Debian ko Ubuntu Server, ba ko dala, na Ubuntu mai alamar LTS shekara 5 ana aiko masa gyara. Ka ɗora Samba a kai, manhajar da ke raba jaka da kwamfutocin Windows, sakatariyarku za ta ga jakar a kwamfutarta kamar kullum, ba ma za ta san Linux ba ne.

Kuɗin Linux a mutum yake. Ran da ta ƙi tashi, wa za ka kira? In kana da yaron da ya iya, ɗauki Linux. In manhajar lissafinku sai Windows, kada ka wahal da kanka.

A cikin sabar sa faifai biyu masu juyi, ɗaya na kwafar ɗaya, tunda ita zaune take wuri guda. Amma abin da aka goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun, don haka a riƙa kwashewa a diski na uku duk Alhamis, wani ya tafi da shi gida. Ka haɗa wa sabar ondilar, akwatin batirin da ke riƙe wuta, saboda ɗaukewar kuran, ka ɗaga ta daga ƙasa, in hunturu ya wuce a buɗe ta a hure ƙura kafin zafin Afrilu ya shigo.