Kechikan: Hawa Jirgi Ko Yawon Gari?

Babban jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido in ya tsaya a Kechikan, a kudu maso gabashin jihar Alaska ta Amurka, sa'o'i kaɗan fasinja ke samu. Dole ya zaɓa.

Na farko shi ne ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, irin Beaver, da ke ɗaukar kamar mutum shida zuwa Misty Fjords, yankin da Shugaba Jimmy Carter ya keɓe a 1978. Can duwatsu ke miƙewa tsaye daga cikin teku har kusan mita 900, ruwa na kwararowa daga kansu. Wani matuƙin kan sauka a tafki ya kashe inji, fasinjoji su fito su tsaya kan ƙafar jirgin. Babu titin mota zuwa wurin. Sai dai kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kuma Kechikan na cikin garuruwa mafi yawan ruwan sama a Amurka, hazo kan sa a soke tashi. An yi haɗurra masu kisa a 2019 da 2021, don haka in matuƙi ya ce yau ba tashi, kada a matsa masa.

Yawon gari kuwa kusan kyauta ne. A Creek Street gidajen katako na tsaye kan turaku bisa rafi, kifin salmon na haurawa tsakanin Yuli da Satumba. A ƙauyen Saxman akwai dogayen ginshiƙan da 'yan ƙabilar Tlingit suka sassaƙa.

Ni dai in gari ya waye garau, jirgi zan hau. Mai tsofaffi ko ƙananan yara, gari ya fi masa.