Cities: Skylines a kan PS4 ta hannu: birnin da ya fi ƙarfin na'urarsa

Wata takwas ke nan da na sayi PlayStation 4 ta hannu, samfurin Slim, a wani shago da ke kusa da Babbar Kasuwar Yamai, tare da manet biyu (abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasa) da faifan wasan Cities: Skylines. Mai shagon ya haɗa ta da talabijin, ya sa wasan ƙwallo, muka buga minti goma ba tare da wata tangarɗa ba, sannan ya ce da ni: "Yaya, wannan duk wasan da ka ɗora mata za ta ɗauka." Ban ce ya yi mini ƙarya ba, domin abin da ya gwada a gabana lafiya lau yake har yau. Sai dai aibin da zan yi magana a kansa ba ya fitowa a gwajin minti goma, sai bayan makonni, lokacin da mutum ya riga ya zuba dararensa a cikin birnin da yake ginawa.

Kamfanin Colossal Order na ƙasar Finland ne ya ƙirƙiri wasan, Paradox Interactive ne ya fitar da shi a kan kwamfuta a watan Maris na 2015, sannan kamfanin Tantalus na Ostiraliya ya mayar da shi kan PS4 a 2017. Ana ba ka fili da kuɗi kaɗan, kai ne magajin gari: ka shimfiɗa hanyoyi, ka ware unguwannin zama da na kasuwanci da na masana'antu, ka kai wuta da ruwa, ka gina makarantu da asibitoci da maƙabartu, ka sa haraji. Makonnin farko sun yi mini daɗi ƙwarai. Na zaɓi taswirar da kogi ya ratsa ta tsakiya, da niyyar in yi gari mai gaɓa biyu irin namu, da nasa Harobanda a ƙetare. Ruwan cikin wasan yana gudana da gaske, kuma ranar da na kafa bututun ƙazanta a sama da injin jan ruwan sha, rabin garin ya kwanta ciwo. Tantalus sun yi aiki mai kyau wajen manet: kayan aikin suna fitowa ne a da'ira, babban yatsa yana kai wa gare su ba wahala, ko da yake jan titi mai lanƙwasa da sandar manet yana buƙatar haƙurin da linzamin kwamfuta ba ya buƙata.

Bambancin wannan wasa da wasan ƙwallo shi ne tushen matsalar. A filin ƙwallo mutum 22 ne da ƙwallo ɗaya, kuma nauyin da na'ura take ɗauka a minti na tamanin shi ne wanda ta ɗauka a minti na farko, saboda haka waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun san iyakar kayan tun kafin su ɗaure shi. A Cities: Skylines kuwa mai wasa ne yake ƙara kayan da hannunsa. Kowane mazaunin birni yana da suna da gida da wurin aiki, kuma duk lokacin da ya fita, dole na'ura ta lissafa masa hanya daga ƙofar gidansa zuwa inda za shi. Haka take yi wa motar shara da motar asibiti da manyan motocin da ke kai kaya daga masana'anta zuwa shaguna. Wannan lissafi aikin furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kuma nan ne PS4 ta fi rauni tun ranar da ta fito a watan Nuwamba na 2013. Furosesarta ƙirar Jaguar ce ta kamfanin AMD, mai ƙwayoyi takwas da ke gudu a gigahaz 1.6, ƙirar da tun asali aka yi ta domin ƙananan kwamfutoci masu tsimin wuta. Ma'ajiyar aikinta gigabait 8 ce, wadda hoto da lissafi suke rabawa, kuma tsarin na'urar yana riƙe wani kaso mai tsoka da wasa ba ya taɓawa. Ɓangaren zana hoto ya fi ɓangaren lissafi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa wasannin faɗa da na tsere suke fitowa da kyau a kanta.

Ga yadda abin ya bayyana a wurina. Wasan yana da matakan gudu uku, kuma a farko mataki na uku yana sa kwanaki su wuce da sauri, kuɗin haraji su taru kafin shayi ya huce. Da jama'ar birnina suka doshi dubu ɗari, na lura cewa ko na danna mataki na uku kwanan watan da ke ƙasan allo yana tafiya kusan kamar a mataki na ɗaya. Hoto ya fara tsinkewa idan na sauko da kallo kan mahaɗar gada ta biyu, kuma buɗe birnin da ajiye shi suka fara cin lokacin da ba su ci a da. Wasan bai lalace ba, bai kuma nuna mini wani gargaɗi ba. Nauyi kawai ya yi ta ƙaruwa a hankali, kamar jakin da ake ƙara wa mangala a kowane zango.

Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun san da wannan, sun kuma kafa shingaye. Taswira tana da filaye 25, kowanne kimanin kilomita biyu tsawo da biyu faɗi, amma tara kaɗai ake bari ka saya, wato kusan murabba'in kilomita 36, wanda bai kama ƙafar faɗin Yamai ba. Adalci ne a faɗi cewa wannan iyaka tana nan a kwamfuta ma, inda kuma adadin motocin da za su iya kasancewa a kan hanya lokaci guda bai wuce 16,384 ba. Motar da ta daɗe a cunkoso wasan yana ɓatar da ita kawai don a rage lissafi, abin da direbobin da ke jiran hawa gadar Kennedy da yamma za su so a yi wa na gabansu. Direbobin wasan kuma suna zaɓen layi tun kafin su tashi, su dage a kansa, sai ka ga titi mai layi uku an cika ɗaya an bar biyu fayau. Mai kwamfuta yana da mafita, domin a dandalin intanet na Steam Workshop akwai gyare-gyaren da ƴan wasa suka ƙirƙira, waɗanda ake kira mod: wani yana buɗe filaye 81, wani mai suna Traffic Manager yana ba ka iko a kan layuka da fitilun hanya. Mai PS4 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu, kuma a ganina wannan rashi ya fi jinkirin ciwo, domin cunkoso shi ne rabin wasan. Da aka sake fitar da wasan domin PS5 da Xbox Series a watan Fabrairu na 2023, an buɗe filaye 25 ɗin duka, kuma PS5 tana da gigabait 16 da furosesa Zen 2 mai kai wa gigahaz 3.5. Ko da wannan ƙarfi, Cities: Skylines II da ya fito a kwamfuta a watan Oktoba na 2023 an yi ta ɗage fitowarsa a kan waɗannan na'urori.

Ɗan ƙanwata yana buga Minecraft, wasan gini da tubali, a kan na'urar a ranakun Asabar, kuma shi ma ya ci karo da irin wannan bango ta wata ƙofa. Wata rana ya kira ni yana cewa: "Kawu, alkamata ba ta girma idan na tafi haƙar ma'adini." Dalili shi ne wasan ya raba duniya gida-gida, kowane gida tubali 16 tsawo da 16 faɗi, kuma gidajen da ke kusa da mai wasa kaɗai ake rayawa, sauran suna daskare har ya dawo. Dabarar tsimi ce tsohuwa: Minecraft na Xbox 360 da ya fito a 2012 duniyarsa gaba ɗaya tubali 864 ce a kowane gefe. Wasu wasannin sun fi fitowa fili da iyakarsu. Fallout 4 yana da ma'aunin da ke cika yayin da kake gina matsuguni, haka ma Planet Coaster na na'urorin wasa. Na fi son wannan hanya, domin mai gini yana ganin saura nawa ya rage masa tun kafin ya zana unguwar da ba zai iya ƙarasawa ba.

Sai kuma abin da Yamai take ƙarawa. Littafin na'urar ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 da 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yana haura 40. Wasan da yake tatsar furosesa awa uku a jere yana sa fankar cikinta ta yi ƙara har ta danne kiɗan wasan, kuma sau biyu ta nuna mini saƙon cewa ta yi zafi da yawa. Na kai ta wurin mai gyara ya kwashe ƙurar hunturu da ta toshe ta, ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ƙarar ta ragu sosai. Shi ne kuma ya ba ni shawarar in cire faifan ajiyarta mai juyawa in sa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri. Na sa, buɗe birnin ya yi sauri, amma mataki na uku yana nan yadda yake, domin faifai ba ya lissafa wa kowa hanya. Ɗaukewar kuran a tsakiyar ajiya kuwa ita ce abin tsoro, saboda haka nake ajiye birnin a gurabe biyu, ina musanyawa.

Wanda yake son ya koyi yadda ruwa da wuta da hanyoyi da haraji suke cin juna, kuma gari matsakaici ya ishe shi, PS4 ta hannu da wannan faifai za su ba shi watanni na jin daɗi, kuma akwai Faransanci a cikin harsunan wasan. Wanda burinsa ya zana Yamai daga Gudel har Talladje da dukkan gadojinta uku, ya tara kuɗinsa ya nemi kwamfuta mai ƙarfin furosesa, ko aƙalla PS5. Idan kuma a shago za a gwada maka, kada ka yarda da sabon fili wanda babu kowa a cikinsa: ka nemi a buɗe babban birnin da wani ya ajiye, ka danna mataki na uku, ka zuba ido a kan kwanan wata, ka kuma kasa kunne ga fanka.